Layin da Hajiya Laraba Ta Bari Ba Rubutu

Na ji abin da kuka faɗa ɗazu a bakin ƙofa, kada ku zaci kunnena ya tsufa tare da gwiwata. Wai koyar da manya hutu ne, tunda ba sa kuka, ba sa fitsari a wando, ba sa jifan juna da alli. To madalla. Ku kife wayoyin nan ku zauna, kafin matan su iso bayan azahar in ba ku labarin aikin da aka turo ku ku taya ni. Ni ce Ticha Memuna. Na haura shekara ashirin da biyar ina wannan aji a Zangon Kumasi, kuma har yau in aka kawo min sabuwar ɗaliba mai furfura sai gabana ya faɗi.

Bencin da kuke kai ɗin nan, da ƙafata na je Anloga, unguwar kafintoci, na sa aka yi shi. Na ce wa kafinta ina son gajere, mai faɗi, mai majingina. Ya ce, "Madam, bencin makaranta ba a yi masa majingina." Na ce masa ɗalibaina tun asuba suke tsaye gaban wuta, wasu kuma da kwando a ka suka zagaye kasuwar Kejetia kafin su zo, in bayansu bai samu abin jingina ba barci zai jingine su. Ya yi dariya ya yi min shi yadda na ce. Fensir ma sai na naɗe masa tsumma ya yi kauri, don hannun da ya saba da muciya in ya kama siririn fensir karya shi yake yi, a rana sai a fere sau biyar.

Wancan kwandon da ke ƙarƙashin tebur tabarau ne a ciki, na bakin titi, iri-iri. Mma Sanatu ce ta sa na fara ajiye shi. Badagomba ce mai sayar da albasa, bakinta ba ya hutawa. Sati shida tana zuwa, ba ta gane ko harafi ɗaya ba, kullum sai ta ce, "Ticha, abubuwan nan naki tururuwa ne, ba sa tsayawa wuri ɗaya." Ni kuwa har na yanke a raina cewa kanta ne ba ya ja. Wata rana na cire tabarau ɗina zan goge gumi, ta ɗauka ta maƙala don tsokana. Sai na ji ta ce, "Ei! Ashe tsayawa suke yi!" Ta juyo ta ƙare min kallo, ta ce, "Ticha, ashe ke ma kin tsufa haka?" Ajin duka ya kwashe da dariya. Kafin wata ya ƙare tana karanta rubutun da ke jikin motoci, tana yi wa direbobi gyara.

Abu ɗaya ne ba za ku taɓa samu a jakata ba, shi ne jan biro. Zan zo kan dalilin.

Wanda ya koya min aikin nan sunansa Ticha Bukari, wani dattijo ɗan unguwar Moshi Zango, siriri, mai son lemu. Na zo masa da takardar kwalejin horon malamai, ina ji da kaina, ina tafiya ƙwas-ƙwas da dogon takalmi. Ya karɓi takardar, ya yi fifita da ita, ya mayar min. Wata uku bai bar ni na taɓa alli ba. Aikina in zauna a bencin baya in yi shiru, da safe kuma in bi ɗalibai wuraren sana'arsu in gaishe su. Ya ce, "Je ki ga inda suka fi ki, sannan ki zo ki tsaya a gabansu." Na je. Na ga mace tana ciniki da harshe huɗu, Hausa da Tuwi da Dagbanci da ɗan Turanci, hannunta ɗaya na juya ƙosai, ɗayan na kora ƙuda. Na gwada sakin ƙosan nan sau ɗaya, mai ya fallatso min a hannu, har yau ga tabon.

Wani abin da yake yawan faɗa shi ne, babba ba ya zuwa aji don sha'awar harafi. Wani abu ne ya ture shi. Akwai ranar da abin da ya sani tun yana yaro, wanda ya rayu a kai shekara hamsin, ya ƙi yi masa aiki, shi ne ya ɗauko kunyarsa ya zo ya zauna a benci. In ba ka gano abin da ya ture shi ba, kai da shi kuna ɓata wa juna lokaci ne. Na ji an ce ku a jami'a an ba wannan abu dogon suna, har da jarrabawa a kai. Ni dai a bakin Ticha Bukari na ji shi, yana ɓare lemu. Na ji kuma na ce na gane, ashe ban gane ba.

Shekara biyu bayan gwiwa ta zaunar da shi a gida ya bar min ajin, sai ga Hajiya Laraba. Kokonta da ƙosanta sun yi suna a bakin tashar Kejetia, kuma ita ce magajiyar masu koko na unguwarmu, in ta ce a tsaya an tsaya. Ta shigo da mata goma sha ɗaya a bayanta. Na tambaye ta me ya kawo ta, ta ce tana so ta riƙa karanta takardar magani. Na rubuta haka a littafina na wuce.

Ba shi ne ya kawo ta ba. Ni sai daga baya na sani, amma ku bari in gaya muku tun yanzu don ku ga irin ɓarnar da na yi. Hajiya tana da 'ya'ya biyar, ta farinsu Ramatu. Kun san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma ba a hannunta yake tashi ba. Ramatu a wurin kakarta ta wajen uba ta girma. Ta yi makaranta da 'ya'yan Asante, tana ganin uwayensu na ƙwala musu kira tun daga bakin titi, suna rungume su a gaban kowa. Ita kuwa in ta zo gida sai ta ji uwarta na cewa, "Ku ba yarinyar nan abinci." Ta girma ta zama nas. Wata rana ciwon ƙafa ya kai Hajiya asibitin da 'yar take aiki, mai rubuta kati ya ce, "Wa za a kira in wani abu ya taso? Faɗi sunan." Hajiya ta sunkuyar da kai ta yi shiru, Ramatu na tsaye a gefe da farin kayanta, abokan aikinta na kallo. A hanyar gida ta ce, "Mma, shekara talatin ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ko dai kin manta shi ne?" Daga ranar ta rage zuwa gida. Ba a jima ba kuma aka ji ta samu aiki a ƙasar waje, takardu kawai take jira. Hajiya ta ga 'yarta za ta haye teku da tunanin ba a son ta, ita kuma bakinta ya ƙi buɗuwa. Abin da ya ture ta ke nan.

Kanta kuwa yana ja, tubarkalla. Cikin wata uku ta iya haɗa baƙaƙe. Sai ranar da na kawo darasin da nake alfahari da shi: kowacce ta sa lamba a gefen shafi, ta jera sunayen 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami. Ina zagayawa ina dubawa, na iso kan Hajiya. Ta rubuta lamba ɗaya zuwa biyar tsaf. Na biyu Sule, na uku Fati, na huɗu Haruna, na biyar Zuwera, ba kuskure ko ɗaya. Layin farko kuwa fayau, ba komai.

Kada ku ce ban san al'adar ba. A Zangon nan aka yanke min cibiya, na san ta sarai. Amma na zaro jan biro na zagaye layin nan da ƙaton da'ira, na ce ta fito gaban allo. Ta fito. Na miƙa mata alli na ce, "Hajiya, faɗi sunan ta farin mu ji, sai ki rubuta." Ta tsaya riƙe da allin. Mma Sanatu tana ta yi min tari daga baya, ban kula ba. Na ce, "Nan aji ne, ba gidan surukai ba. Irin wannan kunyar ce ta hana mu ci gaba." Wallahi haka na faɗa, ga matar da ta kusa haifata, a gaban matan da take shugabanta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye allin a hankali, ta yage shafin daga littafinta ta ninke, ta gyara mayafi. Ta ce, "Ticha, na gode. Allah ya ƙara ilimi." Ta sa takalmi ta fita.

Washegari masu koko ba wadda ta zo. Kafin sati ya zagayo masu albasa sun bi su, sai masu ɗinki. Aji mai mutum kusan talatin ya koma uku, cikinsu ɗaya barci take zuwa yi don bencina ya fi gadonta daɗi. Damina ta shigo, kwano ya fara yoyo daidai kan allo. Akuyar maƙwabta ce kaɗai ba ta taɓa makara ba, har ta cinye min rabin littafin darasi. Mai gidan da ya ba mu aron ɗakin ya fara kawo wani tela yana auna bango da igiya a gabana. In na bi ta kasuwa a amsa min gaisuwa da baki ɗaya, ido na kan tire. Wannan ita ce muguwar shekarata a aikin nan, kuma da hannuna na saye ta.

Da abin ya ishe ni na tafi Moshi Zango wurin Ticha Bukari, ina tsammanin zai taya ni zagin duhun kai. Na same shi a ƙofar gida da lemunsa. Na zayyana masa komai. Sai da ya gama ɓarewa, sannan ya ce, "Memuna, ke ta nawa ce a ɗakinku?"

Na ce, "Ta fari."

"Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, me take kiran ki?"

Na ce, "'Ke', ko 'waccan'."

Ya miƙo min ɓarin lemu ya ce, "To wa kika zana wa jan biron nan? Hajiya, ko ita?"

Kai! Na ji haushinsa ranar nan, haushi mai tsanani, don gaskiya ya faɗa. Na tashi ko sallama ban yi masa da kyau ba. A cikin mota ina ta juya maganar, ban ankara ba har aka wuce da ni inda zan sauka. Ashe shekara da shekaru ina ɗauke da wannan ƙullin, na ɓoye shi a bayan takardar kwaleji, ina kiran sa wayewa. Da na isa gida na jefa jan biron a kwata.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle Hajiya ba wada ba ce. Na sayi goro fari mai kyau, na roƙi Mma Sanatu ta raka ni, na durƙusa har ƙasa a bakin tasha, fasinjoji na kallo. Hajiya ta karɓi goron ta ce ya wuce. Amma aji ba ta dawo ba. Sai na koma aikin da aka fara koya min. Kullum da safe in je in zauna a bencinta in sha koko, ba na cewa komai game da karatu. Sati biyar ina wannan, har siket ɗina ya daina rufuwa. Ranar nan ciniki ya lafa, tana kankare ƙasan tukunya, ba ta dube ni ba ta ce, "Takardun yarinyar nan sun fito. Saura sati uku." Daga nan ta kwance min labarin duka, na asibiti da na hanyar gida.

Na ce, "Hajiya, ni ma 'yar fari ce. Har Mma ta rasu ina jira in ji, ban ji ba." Ta tsaya da kankarar. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Jibi zan zo. Amma ba mai sake tsayar da ni a gaban allo."

Ta zo, matanta na biye. Ranar ban taɓa alli ba. Na sa muka juya bencina suka fuskanci juna, na zauna a cikinsu, na ce yau ni ce mai tambaya don ban sani ba: kunyar ɗan fari, wa ya koya mana ita, kuma me take tsare mana? Da farko kowa na ta gyaran ɗankwali. Sai wata tsohuwa ta ce don surukai ne, kada su ce yarinya ta samu ɗa ta fara rawar kai. Wata ta ce a'a, don baki ne, abin da kake so ba ka nuna shi a fili. Mma Sanatu ta ce su ma a can gida ana ba gwaggo riƙon yaro, ita kanta sai da ta yi wayo ta san wace ce ta haife ta. Akwai wata Ba'asantiya da ta musulunta ta auri ɗan Zango, ta ce, "Ni kam nawa ina kiran sa har maƙwabta su toshe kunne, ga shi nan ƙato, ba abin da ya same shi sai ƙiba." Aka yi dariya har da tafawa. Aka yi musu kuma, musu sosai, har wasu biyu suka juya wa juna baya. Ban raba gardama ba. In kun ga manya sun fara tambayar abin da ba su taɓa tambaya ba, ku kama bakinku, aikin ne yake yin kansa.

Hajiya ba ta sa baki ba sai da la'asar ta kawo jiki. Ta ce, "Surukan da nake jin kunyarsu duk suna maƙabarta. Mijin ma ya bi su. Wa ya rage nake ɓoye wa? Ita kaɗai." Ta gyara zama. "Kunya ba laifi ba ce, da ita aka raine mu, ba zan zage ta ba. Bakin nan kuma ya tsufa a haka, ba zai iya ba." Sai ta ɗaga hannunta na dama tana juya shi. "Amma wannan bai yi wa kowa alkawari ba. A wurin rubutu jariri ne, bana aka haife shi."

Saura dabara, don ba zan ce mata ga yadda ake rubuta sunan ba, ita ma ba za ta tambaya ba. Sai na ƙirƙiro darasin sunayen mata. Kullum in jera guda goma a allo, Amina, Salamatu, Adiza da sauransu, in cusa na Ramatu a tsakiya, yau na huɗu gobe na bakwai. Aji ya karanta da ƙarfi baki ɗaya. In an iso kansa Hajiya ta yi shiru, ta ja mayafi ta rufe littafinta, sai motsin gwiwar hannu kake gani. Duk matan nan sun san dalilin darasin, amma ba wadda ta taɓa ɗaga kai ta dube ta, har Mma Sanatu mai baki. Sati biyu muna sunayen mata, ni ko sau ɗaya ban leƙa ƙarƙashin mayafin nan ba.

Ranar tafiya Hajiya ta aiko in raka ta tasha. Da hantsi ne, an yi ruwa da safe, Kejetia ta caɓe, masu kaya na ture mutane, yaran mota na ihun Akra, Akra. Ramatu na tsaye da akwatinta jikin motar Akra, inda za ta hau jirgi, doguwa, kamarsu ɗaya da uwar har ɗaurin fuskar. Ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwa irin ta baƙo. Hajiya ta miƙa mata ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro wata takarda da ta sha ninki, ta miƙa mata, fuskarta na kallon wani wajen kamar mai neman wani a cikin taro.

Ramatu ta warware. Ina tsaye kusa, na gane shafin nan take, don ga jan da'irata nan ƙatuwa a sama. Wurin ya sha gogewa har takardar ta kusa hujewa. A tsakiyar da'irar, da fensir, baƙaƙe manya masu ɗan karkata, an rubuta Ramatu. Ƙannenta huɗu na jere a ƙasa.

Ta ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Ta dubi rubutun sama, ta dubi na ƙasa, ta ga hannu ɗaya ne. Ta ce, "Mma. Ke?"

Hajiya ta ce, "Ticha, ki ce wa yarinyar nan ta shiga mota, direba na jira."

Ramatu ta zube a caɓin nan da kayanta masu kyau, ta rungume ƙafafun uwar tana kuka kamar 'yar yaye. Direba ya danna ham, Mma Sanatu da ta biyo mu ta juya ta wanke shi tas da Tuwi har ya kashe mota. Ni ma kuka nake yi, ban ɓoye ba, nawa da na wata. Hajiya tana tsaye ƙiƙam, idonta na kan rufin tasha, amma hannun nan na dama ya sauka a kan 'yarta ya zauna.

Ramatu ta ɗago ta ce, "Mma, ki faɗa min da baki, ko sau ɗaya."

Hajiya ta goge ido da gefen mayafi, ta juyo wurina.

"Ticha, ki ce mata ta duba lambar da ke gefe. Ai ta yi boko. Ita ce ta ɗaya."